Bawa Ƙi-Buɗe Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyar ga watan Rajab na shekarar 1339, wani falke da ya taso daga Bunguɗu ya tarar da ni a kasuwar Gusau, ya ce Allah Ya yi wa Ma'aji Bawa rasuwa, har an kai shi makwancinsa. Na nemi gindin bango na zauna. Ban yi kuka ba, gajiya ce ta sauko mini, domin na san nauyin da kai Ma'aji ka tafi ka bar mini.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe maka alƙalami, Ma'aji. A gabana aka daina karɓar kuɗin wuri a haraji, aka ce sai sule. Mutum ya kwana da tukunya cike da dukiya, ya wayi gari matalauci. Talakawa suka riƙa kwasar gero zuwa kasuwa tun da kaka, suna ba da shi a wulaƙance don su sami abin biya. Kai ne ka tashi a gaban hakimi ka ce ƙasar da ta sayar da irinta ta sayar da baɗinta. Ka nace har aka yarda kowane ƙauye ya gina rumbun tsimi, kowane gida ya zuba dami ɗaya cikin ashirin. Da kanka kake liƙe bakin rumbun da laka, ka danna tafin hannunka tun tana ɗanya.

Na shaida ba a gode maka ba. A shekarar yunwa, da mutane suka koma cin tafasa da tonon gidan tururuwa, kowa ya zuba wa rumbunan ido. Ka ƙi. Suka laƙaba maka Bawa Ƙi-Buɗe, ni ma na sha faɗa a bayan idonka, Allah Ya yafe mini. Ƙanwarka Saude ta taso daga Rawayya a ƙafa, da ƙwarya a hannu. Ka juye mata ɗan abin da ya rage a gidanka. Ta ce ba zai kai kwana uku ba, ta roƙe ka ka buɗe mata na tsimi.

"Saude, wanga ba hatsi na ba, iri na," ka ce. "In mun canye shi yau, mi za mu shibka in ruwa ya sauka?"

Ta juya ko sallama babu. Autarta Shafa'atu ba ta ga damina ba. Da ruwa ya sauka ka fasa lakar, mutanen ƙauyen Nahuce suka ɗiba, har na Tsafe da Bilbis suka zo da jakuna suka samu. Aka shuka, aka girbe. Masu zaginka suka ci tuwo, kaɗan ne suka tako suka ce maka sannu. Kai kuwa tun daga lokacin ban ƙara ganin ka ci ka ƙoshi ba.

Bana kuɗin auduga da na fata sun faɗi warwas, haraji kuwa yana nan inda yake. Tun kana kwance manyan gari suke aiko mini, tunda ni ka bar wa riƙo, wai a sayar da na tsimi a cike giɓin harajin, a mayar da shi in kaka ta yi. Kullum amsata ɗaya ce: a jira Ma'aji ya tashi. Ashe a bayanka nake fakewa. Ranar sadakar uku, ana shafa fatiha suka ja ni gefe. Na duba dama na duba hagu, babu kai. Ni ba zan iya ɗaukar zagin ƙasa guda ba, na tsufa, na kuma gaji. Na ce a buɗe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Inna Tambaya, da 'ya'yanka, da Saude, wadda ta zo zaman makoki ta ce a gaban mata ta yafe maka. Allah Ya jiƙanka, Ma'aji, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ƙin da ka yi ya zama nauyi a mizaninka, Ya ƙosar da kai a Aljanna. Mu da muka rage, Allah Ya rufa mana asiri, domin bana ba mu da iri.

Abdu Magatakarda