Sawu Tara na Farar Ƙasa

Duk wanda ya gina ɗaki a garin Lamu na bakin teku cikin shekaru arba'in ɗin nan, da wuya a ce babu yashin Famau Lali a jikin bangonsa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bin jakuna a lungunan garin. Boko bai yi ba, allon ma bai yi nisa ba, amma in ya ɗaga kofaton jaki sai ya gaya maka abin da ke damunsa. Sanda kuwa bai taɓa ɗaga wa dabba ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: ba a gaya masa magana a kan jaki.

Da tsufa ya zo, jakuna shida suka koma ɗaya, wata jaka mai ruwan toka da yake kira Tausi. Matarsa Mwanaesha takan ce da ita ake lallaɓawa kamar Tausi, da ba ta tsufa da wuri ba.

Shekarar da murar jakuna ta shigo garin, Tausi ta yi kwana uku cikin zazzaɓi, ga busasshen tari, ga majina. Dole ta sa ya kai ta wurin likitar dabbobi, Dakta Nyevu, wadda sa'ar 'yarsa Zuhura ce.

"Baba," in ji ta, "daga maƙogwaronta har huhu akwai 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani. Aikinsu shara. Duk ƙurar da ta shaƙa, su ke turo ta waje. Murar nan tana kashe fatar da suke tsirowa a kai, ta bar wurin ɗanye. Zazzaɓi zai sauka, za ta ci abinci, amma ciki bai warke ba. Mako uku, ba kaya, ba ƙura."

"Gashi a maƙogwaro? Yarinya, ke kin taɓa leƙawa?"

"Na gani da madubin likita, Baba."

"To ni shekara arba'in ina buɗe bakin jaki, ban gani ba."

Duk da haka ya ɗaure ta a inuwa, don ta ba shi tausayi. Kwana na shida ta cinye dusarta tas, ta yi kukan da ya tashi unguwa.

Sai ga Maulidi ya ƙarato. Kowace shekara ana shafe masallacin unguwarsu, kuma shekara talatin cur Famau ne ke kwaso garin farar ƙasa daga bakin teku, kyauta, bai taɓa bari jakin wani ya taɓa buhu ɗaya ba. Da la'asar yana zaune wurin mai gahawa, abokinsa Kombo, wanda suka tashi tare suna tsokanar juna, ya ɗaga murya.

"Jama'a, bana ladan nawa ne! Jakar Famau tana hutun amarci, likita ta rubuta mata takarda."

Aka kwashe da dariya.

"Wannan ƙwarangwal ɗin naka ne zai hau tudu da buhu biyu?" in ji Famau.

"Ko da rarrafe. Kai dai je ka dama mata kunu."

Wasa ne, kowa ya san wasa ne. Famau kaɗai ya tafi da shi gida. Da safe Mwanaesha ta tarar da shi yana ɗaura akumari.

"Baban Zuhura, ba mako uku aka ce ba?"

"Aikin Allah ne. Kin taɓa jin aikin Allah ya kashe dabba?"

Ta koma ciki, don wa zai yi gardama da wannan?

Sawu tara suka yi. Garin farar ƙasar yana tashi daga bakin buhu, ya rufe hancin Tausi fari fat. A sawu na huɗu ta fara tari, ya ji. A na bakwai ta tsaya a tsakiyar tudu tana haki, haƙarƙarinta na buɗewa yana rufewa. Bai dake ta ba. Da ma ya dake ta, wataƙila da ta turje. Wuyanta ya shafa, ya yi mata magana a kunne, ita kuwa ba ta taɓa ƙin muryarsa ba, sai ta ɗaga ƙafa.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya dawo, majinar ta yi kauri ta koma ɗorawa. Dakta Nyevu ta zo har gida, ta saurari ƙirjin, ta ce ciwon ya sauka huhu. Ta yi allura, ta tafi. Kwana huɗu Tausi ta ƙara a duniya.

Ranar Juma'ar Maulidi masallaci yana ta sheƙi. Liman ya kama sunan Famau a gaban jama'a, ya ce ga bawan Allah da ya ba da har dabbarsa saboda ɗakin Allah. Aka yi ta sa masa albarka. Kombo da kansa ya zo ya riƙe hannunsa, idonsa ya yi ja. Famau ya ji kunyar da bai taɓa ji ba a rayuwarsa.

Bai sake sayen jaki ba, ko da 'ya'yansa suka ce za su haɗa masa. Gaskiyar kuwa mutum ɗaya ya taɓa gaya wa, a ranar nan, da ya dawo ya zauna a bakin ƙofa bai ko cire hula ba.

"Mwanaesha, ba don Allah na yi ba. Don Kombo na yi."