Randar Inna Hajjo

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna Hajjo, yayar mahaifinmu, amma har yau in na ji ƙarar moɗa a bakin randa sai na waiga.

Gidanmu na kan hanyar gada, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran 'yan duwan, wato kwastan, kafin su ƙetara zuwa Gaya ta Nijar. Inna ta kafa randa a ƙofar gida don matafiya, da sharaɗi ɗaya: ba ta miƙa wa baƙo moɗa sai ya faɗa mata sunan ruwa da harshen uwarsa. Dendanci da Hausa kawai take ji, amma ban da hari na Dendawa, ta san ndiyam na Fulani, nim na Bargawa, omi na Yarbawa. Mu yara muna ta yi mata dariya, musamman in ta murɗe baki za ta yi Faransanci. Ta kan ce ruwan ɗaya ne, amma Bafillace in ya ambace shi shanunsa yake tunawa, masunci kuma kogi. Ita garinsu take son mutum ya tuna.

Da ta ga yau, da ta sha mamaki. Ruwa ya koma leda, ana jefo wa direba ta taga ba ko sallama.

Bara ƙanena Sanusi ya tashi gina shago daidai inda randar take. Na roƙe shi ya bar ta, ya ce lokacinta ya wuce, muka yi kwanaki ba ma ga maciji. Ranar da magina suka ja igiya, wani direba mai furfura, mutumin kudancin Togo, ya sauko yana tambayar tsohuwa mai randa. Muka ce ta rasu. Ya zauna a ƙasa. Sannan ya ce duk yawonsa a arewa ita kaɗai ta taɓa tarbarsa da harshensu, ko da kalma guda ce. Ya sha, ya yi mata addu'a irin tasu, ya tafi.

Sanusi ya dubi maginin ya ce, "Malam, kauce ma randag ga."

Inna ba ta haihu ba, ba ta bar gona ba. Amma duk layin nan shagon Sanusi ne kaɗai mai karkataccen bango, kuma kowace safiya shi ke cika randar da hannunsa. In na wuce, raina fari ƙal.