Belin da Yaya Zai Sake Yankewa

Na shiga gidan yayana a Turba na tarar ya wage baki, ɗiyata Hadiza, mai karatun likita, tana haska maƙogwaronsa da fitilar waya. Kwana biyu ko kunu da ƙyar yake wucewa, ya kuma rantse sai wanzami ya yanke masa beli.

Ta ce, "Baba, wane belin? Babu shi, an cire tun kana jinjiri. Gefen maƙogwaronka ne ya kumbura, har da mugunya. Asibiti za mu."

Ya ce, "To mi wanzami ya yanke min bara?"

"Namanka ne, Baba. Lafiyayye."

"Ke dai karatunki bai kai nan ba. Za ni Bafarawa wurin wanzami."

Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Ƙarshe na ce ya hau babur in kai shi da kaina. Da muka fita gari na miƙe hanyar asibitin garin Isa. Zagi na sha har bakin ƙofa, da muryar da ya ce ba ta fita.

Ya samu sauƙi, amma har yau ba ya amsa gaisuwata. Jama'a, ku yaya kuke yi da naku manyan?