Gashin Zuma, Shekara Bakwai Bayan Yaya Nasiru

A bazarar nan Yaya Nasiru ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Mutanen Sakkwato da suka san shi, sun san shi ne da ɗan asibitin dabbobinsa da ke bayan Sama Road, inda Fulani ke kawo maraƙi, matan aure ke aiko da akuya mai zawo. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba maganar maraƙi ta sa na ɗauki alƙalami yau ba. Maganar kare ce. Na san akwai mai karatun da zai yamutsa fuska ya ce, a rasa abin da za a tuna mamaci da shi sai kare? To ya yi haƙuri, abin da aka bar mini ke nan.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa a asibiti, kowa ya samu nasa saƙon. Babban yayanmu aka damƙa wa maganar gida da karatun yara. Da aka zo kaina, sai ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Kabiru, ka ɗauki Zuma. Kuma don Allah kada ka bari a sa mishi injin aski."

Na ce, "Haba Yaya, mi ya kawo wagga magana yanzu?"

Ya ce, "Ka dai ji."

Na ce na ji. Wallahi a lokacin har haushi na ji a raina, mutum yana kan gargara yana lissafin gashin kare. Bai ƙara wasu kwanaki masu yawa ba Allah Ya karɓi abinSa.

Zuma ɗan gajeren kare ne, irin wanda Turawa ke kira sifaniyel, mai kunnuwa zambala-zambala har suna sharar ƙasa. Launin jikinsa ne ya ba shi sunan. Yana ɗan kwikwiyo Yaya ya taho da shi daga Kudu a cikin kwali. Mu kuwa gidan malamai muka tashi, don haka kowa ya san irin kallon da aka yi masa. Yaya ya rantse wa mahaifinmu cewa karen gadi ne. Karen gadin da ranar da ɓarawo ya shiga da tsakar rana ya kwance batirin mota, maƙwabciya ta hango shi yana raka ɓarawon har ƙofa yana kaɗa wutsiya! Mahaifinmu ya gaji ya zuba ido, da sharaɗin kare ba zai taka inda ake salla ba. Yaya ya kiyaye wannan har ya bar duniya. Yana da riga ta daban da yake sawa in zai taɓa shi, a ƙusa take rataye a gareji.

Kullum bayan La'asar zai sa wannan rigar, ya ɗora Zuma kan wani teburin katako, ya fara aiki. Ni a zatona wanka ne da taje gashi, sai da na zauna na kalla. Gashin kai da na gadon baya, da yatsa yake gyara shi. Zai shafa garin alli a babban yatsa da manuni, ya kama mataccen gashi kaɗan-kaɗan ya zare shi ta inda ya kwanta, karen ko motsi ba ya yi. Daga nan sai ya koma kan gezar kunnuwa da ƙirji da bayan ƙafafu da matajin ƙarfe, yana farawa daga bakin gashi yana hawa sama. Almakashi ba ya fitowa sai an zo tafin ƙafa. In za a ba shi abinci, akwai tsohuwar safa da aka yanke wa baki, a zura masa a ka don kada kunnuwa su faɗa cikin kwano. Yaran unguwa har leƙowa suke su ga kare da hula.

Na taɓa ce masa, ga inji nan a shagon kowane mai aski, me ya sa yake wahalar da kansa? Ya dube ni kamar na zagi wani babba. Ya ce irin wannan gashin in inji ya bi ta kansa sau ɗaya, an gama. Abin da zai sake tsirowa ba gashi ba ne, auduga ce, ba sheƙi ba kwanciya, kuma ba ya komawa yadda yake. Alƙalin gasa da ya sa hannu zai gane.

Eh, gasa. Shekara-shekara yakan sa Zuma a bayan mota ya nufi Kudu wurin gasar nuna karnuka, inda ake jera su a duba tsayuwa da tafiya da gashi. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Ta yaya karen da ke kwana cikin zafin Sakkwato zai kara da na masu ɗakin sanyi? Sau ɗaya ya zo na uku, aka ba shi ɗan ƙyallen yabo. Ya dawo yana ba mu labarin yadda alƙalin ya shafa bayan Zuma ya tambaye shi daga ina, da ya ce Sakkwato sai mutumin ya sake shafawa. Wannan labarin mun ji shi har mun haddace.

Bayan rasuwarsa matarsa ta koma gidan iyayenta da yara, can kuwa ba wurin kare. Zuma da teburinsa da rigar da matajin suka dawo garejin gidana a Mabera. Shekarun farko ban sha wuya sosai ba, saboda Nana. Ita ce babbar ɗiyar Yaya, kuma tun tana ƙarama take tsayawa gefen teburin, ta ɗauko hannun ubanta sak. Duk Asabar za ta hau keke-napep ta zo, ta sa rigar da ta yi mata yawa, ta yini a kansa. Ni nawa taje kunnuwa ne a sauran ranaku. Daga baya ta tafi karatu Zariya, aure kuma ya kai ta Kaduna. Shekara uku ke nan daga ni sai shi.

Na gwada, Allah Ya sani na gwada. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, alli ba baƙona ba ne, amma yatsuna ba su san mataccen gashi da mai rai ba. In na ja, Zuma ya yi ƙara ya waiwayo ya dube ni. In na sassauta, ba abin da ke fita. Ga ƙarangiya. Duk wanda ya san bayan gidajen Mabera da kaka ya san ta, ta isa ta hana ɗan Adam mai takalmi sakat, balle dabbar da ke jan kunnuwa a ƙasa. Fita ɗaya zai yi ya dawo da ita dam a geza, in zauna ina tsinta ɗaya-ɗaya har yatsuna su yi jini, gobe ya ƙaro wata.

Matata Luba ba ta taɓa kusantar karen nan ba, daga bakin ƙofar kicin take ba da shawara. Wata rana ta ga na yi zufa sharkaf ta ce, "Malam, kai ma dai. Mu in kan yarinya ya cukurkuɗe, man kaɗanya muke sawa kafin tsifa." Na ga maganar ta yi ma'ana, na lafta masa shi tun daga kunne har wutsiya. Ranar dai mataji ya wuce sumul, har na sa mata albarka. Kafin mako ya zagayo, duk ƙasar tsakar gidan ta manne a jikinsa, gashi ya dunƙule ya zama tamkar tsohon bargo. Luba ta ce ai ita kan mutum ta sani. Ni ma iyakar sanina ke nan.

Na nemi mai taimako. Akwai wani dattijo a Sabon Gari da suke tafiya gasar tare da Yaya, na je aka ce ya tattara ya koma garinsu. Na zagaya wurin samarin da ke gyaran karnuka yanzu, don sun yi yawa a garin nan. Kowanne da injinsa a hannu. Ɗaya ya ce mini, "Baba, kawo shi mu kwashe shi tas, yanzun nan ka koma gida." Da na ce da yatsa nake so a yi, sai suka dubi juna suna danne dariya.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga Sakkwaton yau. A zamaninsa shi kaɗai ne mahaukacin da ke ajiye kare don kyau. Yanzu gidaje da yawa akwai kare, amma manya ne baƙaƙe, ɗaure da sarƙa, tsoro ne ya sa aka sayo su. Samari na ɗaukar su hoto a waya suna gasar wanda nasa ya fi mugunta. Hanyar Kudu da yake bi shi kaɗai da karensa yana sauraron rediyo, yau mutum sai ya yi addu'a ya ƙara kafin ya hau ta. Ina jin da zai yi murna an daina yi wa mai kare kallon bare. Ina kuma jin da zai rasa wanda zai zauna da shi su yi hirar geza.

Bazarar bana ce ta gama da mu. Zafin da aka yi ba sai na faɗa wa ɗan Sakkwato ba, ga wuta ba ta zama. Zuma ya tsufa, ya wuce shekara goma sha biyu. Ya daina cin abinci, sai ya kwanta gindin randa yana haki. Na jiƙa buhu na shimfiɗa masa, na yi masa fifita da hannuna, ni da ko jikokina ban yi wa ba. Sai wari ya fara tashi. Da na ɗaga kunnensa na hagu, ƙarƙashin dunƙulen gashin fata ta ruɓe, har da tsutsa. Innalillahi. Na saki kunnen na zauna a ƙasa.

Na kira Murtala, wanda ya koyi aiki a hannun Yaya, yanzu shi ma likitan dabbobi ne. Ya duba kunne, ya duba hammata.

Ya ce, "Baba, sai an aske shi duka. Magani ba ya isa ga fata ta cikin wanga abu."

Na ce, "Ka san abin da maigidanka ya ce."

Ya ce, "Na sani, ina tsaye a wurin. Amma in aka bar shi haka, ba ya ganin damina."

Na roƙe shi ya yanke wurin ciwon kawai da almakashi. Ya kama hannuna ya ɗora a bayan karen, ya ce in nemo masa inda mataji zai shiga. Na lalube ko'ina, babu.

Na buga wa Nana waya, ina fatan ta ɗauke mini nauyin. Na faɗa mata komai. Ina jin kukan jaririnta a gefe. Can ta ce, "Baba, ni ban iya cewa a yi. Kuma ban iya cewa a bari." Sai ta fashe da kuka. Na ba ta haƙuri na kashe wayar, na dawo inda nake.

Ni na riƙe masa kai. Murtala ya kunna injin, Zuma ya zabura don bai taɓa jin wannan ƙarar a jikinsa ba, na rufe masa ido da tafin hannuna. Gashin bai zubo sili-sili ba, a haɗe ya riƙa ɓallewa kamar ana feɗe fata. Abin da ya rage kan teburin wani ɗan tsamurarren abu ne mai haƙarƙari a waje, da ba a gabana aka yi ba da na rantse ba Zuma ba ne. Murtala ya wanke ciwon ya sa magani, ya ƙi karɓar komai, ya fita bai yarda mun haɗa ido ba. Luba, wadda shekara bakwai ba ta taka garejin nan ba, ta shigo da tsintsiya ta tattara gashin cikin buhu. Ta ce, "A zubar?" Na ce ban sani ba. Yana nan a rataye kusa da rigar har yau.

Karen ya tashi. Ciwo ya warke, yana cin abinci, har yana bin kaji. Gashi kuma ya fara fitowa, fari-fari, a tsaye, ba sheƙi. Auduga, kamar yadda aka faɗa mini.

Mutane suna ce mini ai Yaya likita ne, da yana nan da kansa zai ɗauki injin. Wataƙila. Amma da yana nan ai gashin ba zai kai haka ba. Kuma ba su ne aka riƙe wa wuyan hannu ba. Na rasa yadda zan yi da wannan maganar, in na ajiye ta nan sai ta ɓullo can. Abu ɗaya ya roƙe ni a duniya, na yi shekara bakwai ina tattalinsa, ya zube a hannuna ina kallo.

Asibitinsa yanzu shagon sayar da waya ne. Ƙyallen yabon ya koɗe, ba a iya karanta abin da ke jiki. Yaransa sun girma, alhamdu lillahi, suna yi masa addu'a, wannan shi ne abin da zai amfane shi, ba gashin kare ba. Na san haka sarai.

Sai dai kullum in na dawo daga La'asar, Zuma na gindin teburin yana jira. Ba ya iya tsalle yanzu, sai na sa rigar na ɗaga shi. Da ƙafafunsa sun taɓa katakon sai ya miƙe wuya, ya ja ƙafafun baya, ya tsaya cak yadda Yaya ya koya masa a tsaya gaban alƙali. Ba wanda ya faɗa masa an gama. Ba abin tajewa a jikinsa, amma ba ya sauka sai an yi.

Jiya ma ya tsaya. Na ɗauko mataji.