Littafin Kakana a Gonar Auduga

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar ɗin nan da ta wuce muka kama hanya, ni da taubashina, ɗan gwaggona mai ɗinkin riguna. Tura babur ɗin muka yi ta lungu har Ƙofar Doka kafin na buga shi, don Baba ya hana a tashe shi a ƙofar gida, wai ƙararsa na tsinka wa mutane wuridi. Wata huɗu ke nan da sayensa, ja ne mai salansa biyu, kuma duk wanda ya san ni ya san ciwona: ban taɓa samun hanyar da zan ƙure malejinsa ba.

Aiken Baba ne ya kai mu Funtuwa. Akwai littafin fiƙihu da kakanmu ya rubuta da hannunsa, wanda wani malami aminin Baba da ke can ya ara shekara biyu da suka wuce. Babu kwafinsa a ko'ina. Da Baba zai sallame ni, magana ɗaya ya yi: "Ka rataya shi a wuyanka. Kada ka ɗaura shi a jikin ƙarfen nan."

Mun wuce Tudun Wada masu shayi na hura wuta, muka bi ta Samaru da Shika. A Giwa muka karya da koko da ƙosai, na sule biyu ya ƙosar da mu har muka rage. Hanya lafiya lau, sai dai manyan motocin auduga da ke tafiya a tsakiyar titi kamar gadonsu ne. Duk sanda allura ta haura tamanin, taubashina sai ya mintsine ni a haƙarƙari, yana cewa shi matarsa ba ta gaji da shi ba tukuna.

Malamin ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka dama mana fura da nono mai kauri. Sannan ya ɗauko littafin a gafakarsa ta fata. Ga wanda bai sani ba, littattafan mutanen da ba a ɗinke suke ba. Falle-falle ne a tsakanin bango biyu, an ɗaure da igiyar fata, ba kuma lamba a jiki. Abin da ke tsare jerinsu shi ne, a ƙasan kowane falle marubuci kan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Za mu tafi, uwargidan malam ta aiko da ƙwaryar man shanu a kai wa Inna.

Nan matsala ta fara. Na rataya gafaka kamar yadda aka ce, amma iska na ta buga ta a kan ƙwaryar da taubashina ke rungume da ita. Muna fita gari na tsaya, na ɗaure ta a kariyar bayan babur da robar taya. Ku ji wauta: man shanu a hannu, littafin kaka a baya.

Ba mu yi nisa ba wata motar haya mai dogon baya ta wuce mu fuu, direban ya zuro hannu yana yi mana sai kun zo. Wallahi a ƙirjina na ji abin. Ga hanya miƙaƙƙiya, ba kowa a gaba. Na kwanta a kan tanki na murɗe totur. Casa'in. Ɗari. Idona na hawaye, rigata ta cika da iska, mintsinin taubashina ma na daina jin sa. Da na sha gaban motar nan allura na rawa a kan ɗari da ashirin, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Sai muka hau wata 'yar gada mai tudu. Babur ya yi tsalle ya dira, na ji tas! a baya. Na dubi madubi, na ga takardu na tashi sama kamar balbelu. Roba ta tsinke, gafaka ta faɗi ta fashe, iskar motar da ke bin mu ta watsa littafin cikin gonar auduga.

Ban san yadda na tsaya ba. Taubashina ya sauka yana salati, ƙwaryarsa ko ɗigo ba ta zubar ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne direban nan da na tsana minti biyu da suka wuce. Ya taka birki ya dawo da baya, ya ɗaga falle ɗaya daga kwalta, ya ga rubutu, sai ya juya ya ce wa fasinjojinsa, "Jama'a, karatu ne a ƙasa." Ba wanda ya yi gardama, duk suka sauko. Masu cirar auduga suka ajiye kwandunansu. Wata tsohuwa da gefen zanenta take ɗauka, wai hannunta da datti. Wani dattijo ya tsaya a tsakiyar titi yana tare manyan motoci da sandarsa. Kafin motar hayar ta tafi, direban ya dafa kafaɗata ya ce, "Babur ɗinka na gudu, ba musu. Allah ya shirye mu baki ɗaya."

Muka zauna a gindin wata ɗorawa muka danne takardun da duwatsu, ni na karanto kalmar ƙasa, taubashina ya nemo fallen da ya fara da ita. Sauri ya haifi nawa, mun yi azahar a nan muna abu ɗaya. Daga ƙarshe komai ya haɗu, sai wuri ɗaya a babin taimama, inda kalmar ƙasa ta rasa abokinta. Muka koma gona kunya-kunya, muka leƙa ƙarƙashin gada, har kan bishiya na hau. Babu. Da la'asar ta yi muka haƙura. Na ɗaure gafakar a ƙirjina cikin riga, muka taho a hankali har masu keke na kusa wuce mu.

Mun samu Baba a zaure kafin magariba. Na yi niyyar miƙa littafin in yi shiru, amma da na ga ya goge hannuwansa kafin ya karɓa, sai na kasa. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da ɗari da ashirin ɗin.

Ya cire wani ɗan ƙullin auduga daga bakin bangon littafin, ya dube shi. Sannan ya ce, "A wane babi?"

Na ce, "Taimama, Baba."

Ya buɗe wurin ba tare da ya nema ba. Sai na ga kafaɗunsa na motsi, ashe dariya yake dannewa.

"Wannan fallen ba a Funtuwa ya ɓace ba," in ji shi. "A gangaren kogin Kubanni ya ɓace, shekara arba'in da suka wuce. Kakanka ya aike ni da littafin, na ari keken wani ɗan kasuwa, na saki birki."

Taubashina ya kifa kai yana cewa, "Ashe dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ni kuwa na zube a tabarma, dariya da hawaye suka zo mini tare. Tun hantsi ban yi numfashi mai kyau ba sai a lokacin.

Ban tsira haka nan ba. Baba ya ce hukuncin da kaka ya yi masa shi ne ya haddace fallen daga bakinsa, kuma tun ranar kunya ta hana shi mayar da shi da rubutunsa. Nawa hukuncin, zai karanto ni in rubuta. Kwana uku na yi da alƙalami da tawada, ina ɓatawa ina sakewa, kafin ya yarda da falle ɗaya.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa mutanen hanya sun fi ni sanin darajar abin da na ɗauko, kuma faɗin gaskiya ya fi ɓoye ta arha. Ƙarshen malejin na gan shi sau ɗaya, ya ishe ni. Jiya Baba ya sa fallen a mazauninsa, tsakanin rubutun kaka da rubutun kaka, ya ɗaure igiyar, ya miƙo mini gafakar ya ce in kai ɗaki.

"A wuya," in ji shi. "Kuma a ƙafa."