Ganyen Wankan Inna

A Doha babu kaka irin tamu, ba girbi, ba ƙanshin harawa. Abin da kawai za ka lura shi ne zafin nan mai dafa ƙwaƙwalwa ya sassauta, yara kuma sun fito waje kamar an buɗe akurki. A shekarar da nake ba da labari ina gadi a wani rukunin gidaje a Umm Salal, Inna mahaifiyata kuwa tana kwance a gida rai a hannun Allah. Tun farkon ciwon na nemi hutu. Shugaban masu gadi amsarsa ɗaya ce kullum, "Bukra, insha Allah," wato gobe. Ban taɓa ganin gobe mai nisan tasa ba.

Dab da ɗakin gadina akwai wata magarya. Larabawa sidra suke ce mata, suna ji da ita kamar 'yar fari, har da bututun ban ruwa a gindinta. Ranar da na fara ganin haka sai da na yi dariya, don tamu ta bayan gida ba wanda ya taɓa ba ta ko moɗa ɗaya. A kanta na girma. Ba rigar da ƙayarta ba ta yaga min ba. In Inna ta gaji da ɗinki sai ta ce, "Kai dai ba abin da ka iya sai hawan magarya. To ka ji, ranar da na mutu kai za ka tsinko min ganyen wankana." Da ganyen magarya ake yi wa mamaci wanka a garinmu, a daka shi a zuba a ruwa har ya yi kumfa. Da wasa take faɗa a lokacin. Ranar da zan taho Qatar ta sake faɗa, amma ba ta yi dariya ba.

Wata rana mai kula da shuke-shuken gidajen ya yi wa magaryar aski. Ya kwashe rassan, ya bar ganyen tsibi guda a kan ciyawa. Bayan la'asar yaran suka gano shi. 'Ya'yan Misirawa ne da Indiyawa da 'yan Sudan, yaran da rabin shekara suna kulle a cikin sanyin AC. Suka far masa da ihu. Wannan ya taho a guje ya faɗa ciki, wancan ya kwaso ya watsa sama, wata 'yar mitsitsiya mai giɓi ta kwanta tana cewa a binne ta. Ina tsaye ina kallonsu wayata ta yi ƙara. Yayana ne.

"Kana zaune?" ya ce.

"Ina bakin aiki, Yaya. Ya jikin nata?"

"Sai haƙuri. Inna ta riga mu gidan gaskiya ɗazu. In an yi la'asar za a kai ta."

Na yi salati, na sake yi. Mun riga gida da awa biyu, saboda haka la'asar ɗinsu na nan tafe, kuma babu jirgin da zai kai ni kafin ta iso. Ko da shugabana ya ce yalla, tafi, aikin gama ya gama. Abubuwa da yawa ya kamata in tambaya, ko ta yi kalmar shahada, ko ta ambace ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa ya tsinko ganyen?"

"Wane ganye?"

"Na magarya. Na wanka."

"Ai an sare magaryar nan bara, da za a ja katanga. Ba a gaya maka ba? A kasuwa aka sayo garin."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa da wa zan yi faɗa. Yaya ne ya yi jinyar, shi ya kwana a asibiti, ba ni da bakin yi masa tsawa a kan bishiya. Yaran nan kuwa me suka sani? Ga ganye a gabana wanda zai ishi gari guda, ana tattaka shi ana shewa, uwata kuma da na ƙullin leda za a yi mata wanka. Na so in daka musu tsawa su tashi daga kai. Na so in je in durƙusa in tattara. Ban yi ko ɗaya ba, don kyamara na kallon get, kuma mai gadi ba ya barin get.

'Yar mai giɓin nan ta hango ni. Ta kwaso ganye cike da hannuwanta, ta rugo, rabi na zubewa a hanya. "Ammu, yalla!" ta ce, wai Baffa, kai ma watsa. Na miƙa hannu ta zuba min. Ɗanye ne shar, irin wanda Inna za ta so. Ta tsaya tana jira in watsa sama, da ta ga na damƙe shi ina hawaye sai ta koma wajen 'yan'uwanta da gudu.

Wata mota ta tsaya a bakin get ta yi hon. Na ɗaga mata ƙarfen tare hanya da hannun hagu, na dama yana riƙe da ganyen.