Zanen Gawayi a Bangon Ɗakin Karatu

Sun ce ba zai yiwu ba. Mataimakina ya faɗa, magatakarda ya faɗa, har mai ɗakina ta ce in daina wahalar da kaina, rahoton shekara ba ya rubutuwa in babu rajista.

A shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu, Jalingo ta wayi gari babban birni, ni kuwa ina riƙe da ɗakin karatu na jama'a. Da aka zo rabon kaya, ma'aikatan da suka koma Yola suka loda akwatuna a mota, bisa kuskure suka haɗa da rajistar da masu karatu ke sa hannu, ta mafi yawan watannin shekarar. Na rubuta wasiƙa na sake rubutawa, shiru.

Sabuwar jiha kuwa yunwar ofisoshi take yi, idanu kuma sun sauka kan zaurenmu. Wani babban jami'i ya kira ni ya ce, "Malam, fom ɗin ƙididdiga yana hannunka. In ka nuna mutane na shiga, ku zauna. In layin masu karatu ya dawo babu komai, littattafanka sai sito."

Na san siton. Gara ce ke mulki a cikinsa.

Mataimakina ya ce, "Yallaɓai, wa zai bincika? A rubuta abin da zai yi kyau." Malaman da suka koyar da ni ba su yarda ko a kankare lamba ba, balle a ƙaga ta. Duk da haka ba zan ɓoye ba, sau biyu na ɗora alƙalami a kan layin nan, na ɗage.

Mai gadin ƙofarmu wani dattijo ne Bamumuye, tsohon soja, Saja muke ce masa. Wata safiya ya same ni na zuba wa fom ido.

"Oga, kai yana neman mutum nawa ya shiga? Yana nan a bango."

Ya ja ni bayan ƙyauren shiga, inda yake ajiye bencinsa. Bangon cike yake da zanen gawayi, layi bisa layi. Ashe tun ranar da ya taɓa kulle wani ɗalibi a ciki da la'asar, ya koma ɗabi'ar bariki: wanda ya shiga a ja masa sanda ɗaya, in ya fita a gicce ta, ba a rufe ƙofa sai kowace sanda ta gittu. Layi ɗaya, yini ɗaya. In wata ya ƙare ya ja dogon zane.

Na ce, "Masu fita sallar azahar su dawo fa? Ka ƙidaya su sau biyu ke nan."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Wanda ya bar jaka a tebur bai fita ba, Oga."

Murnata ba ta yi nisa ba. A tsakar gida ga bokitan farar ƙasa, an ba da umarnin a shafe dukan gine-ginen gwamnati. Na roƙi shugaban masu fenti. Ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni cewa aka yi in shafa bango, ba a ce in karanta shi ba." Da ƙyar ya yarda ya fara daga bayan gini. Saja ya ɗora bencinsa a gaban zanen, sanda bisa cinya.

Kwana uku ina durƙushe da rula da fensir, ina jin ƙarar buroshi tana matsowa ɗaki bayan ɗaki. Da na gwada bangon da watannin da rajistarsu ta rage mana, sai adadin bangon ya ɗara na rajista. Na tambayi dalili. Saja ya ce ai dattawan unguwar Majidaɗi da ke zuwa a karanta musu jarida ba sa taɓa biro, amma da ƙafa suke shiga. Na zauna a ƙofa yini guda na ƙidaya da idona, na tarar gaskiyarsa ce.

Na rubuta adadin bangon, na kuma bayyana a ƙasa, ba tare da kwana-kwana ba, inda na samo shi. Ina miƙa fom ɗin ina jiran a yi mini dariya.

Jami'in ya karanta, ya cire tabarau, ya ce a kai shi ya gani. Muka tarar buroshi ya iso bakin ƙyaure, Saja a tsaye ya ƙame. Jami'in ya daɗe yana bin layukan da yatsa, sannan ya jingina fom ɗin da bangon ya sa hannu. Washegari aka shafe zanen. Littattafan kuwa ba su je sito ba.

Ina so a rubuta ranar da ya sa hannun nan, domin bangon ba zai ƙara ba da shaida ba: Talata ce, saura kwana biyu wa'adin kammala rahoton ya cika, a Janairun farko bayan samun jiha.